Sabunta tsoffin waƙoƙin gargajiyar Ayalan: raya su ake yi ko raba su da masu su?

Mai_Tara_Faifai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da nake so in baje a faifai domin masu bibiyar kiɗan ƙasashen waje a wannan zaure su tofa albarkacin bakinsu. Duk wanda ya san waƙoƙin ƙasar Ayalan ya san The Wild Rover kamar yadda ƙungiyar The Dubliners ta yaɗa ta, wato da sauri, da tafi, jama'a na amshi baki ɗaya. A shekarar 2019 wata ƙungiya ta birnin Dublin mai suna Lankum ta fitar da wannan waƙa a kundinta The Livelong Day, sai ta ja ta har kimanin minti 10, ta rage mata gudu, ta shimfiɗa wani amo mai nauyi a ƙarƙashinta wanda yake ta ƙaruwa har ya kusa danne muryar mai rerawa. Masu sharhi sun yaba, kundin ma ya ci babbar lambar yabo ta kiɗa a ƙasar.

Ni a ganina wannan ba waƙar gargajiya ba ce kuma. Waƙar gargajiya ita ce wadda kowa zai iya ɗauka ya rera a gona ko a wurin biki ba tare da injiniyan sauti ba. Idan har sai da ɗakin naɗar sauti da tarin na'urori waƙa za ta tsaya da ƙafarta, to an raba ta da jama'ar da suka riƙe ta shekara da shekaru. Ina son in ji ko akwai mai hujjar da za ta karya wannan.

Malam_Buba_Tarihi

Wa alaikumus salam. Malam Mai Tara Faifai, misalin da ka zaɓa shi ne mafi rauni ga da'awarka. Masu binciken waƙoƙi sun bi salsalar wannan waƙa har zuwa takardun waƙa da ake bugawa ana sayarwa a titunan Ingila a ƙarni na 17, kuma a lokacin waƙar gargaɗi ce, labarin mutumin da ya ƙarar da dukiyarsa a mashaya, ya dawo ba ko anini, mai mashayar ta ƙi ba shi bashi. Sigar tafi da ihu da kake kira ta asali ta yi ƙarfi ne a shekarun 1960, lokacin da ƙungiyoyi irin su The Dubliners, waɗanda suka kafu a 1962, suka mayar da ita waƙar nishaɗi. Ashe ke nan wanda ya rera ta cikin nadama da nauyin zuciya ya fi kusa da ma'anar baitocin fiye da masu buga tebur suna murna da abin da waƙar ta zo hanawa. Abin da kunnenka ya fara ji shi ne ya zame maka asali, kuma haka abin yake ga yawancinmu.

Zainabu_Gwale

Na goyi bayan Malam Buba a kan wannan. Ban taɓa lura cewa baitocin na nadama ba ne sai da na ji sigar da Radie Peat, mawaƙiyar Lankum, ta rera a hankali.

Ɗalibi_a_Galway

Ina karatu a yammacin ƙasar, kuma ina so in faɗi abin da na gani da idona, domin ina ganin dukkanku kun fara labarin daga tsakiya. Wani abokin karatuna ya gayyace ni wani zama a ƙauyensu da ke yankin Connemara, inda har yanzu ake magana da harshen Ayalan a cikin gida. Can cikin dare aka roƙi wani dattijo ya yi waƙa. Bai tashi tsaye ba, bai kalli kowa ba. Ya rufe ido, ya ɗan juya fuskarsa wajen bango, ya fara rerawa shi kaɗai, babu goge, babu jita, babu tafi. Wani maƙwabcinsa ya kama hannunsa yana juya shi a hankali har waƙar ta ƙare, sauran mutane kuwa ko tari ba wanda ya yi, sai ɗan kalmar ƙarfafa gwiwa da wani ke jefawa tsakanin baiti da baiti. Da ya kai layin ƙarshe bai rera shi ba, faɗarsa ya yi kamar magana, ya ɗauki kofin shayinsa.

Wannan salon shi ne sean-nós, kuma shi ne irin wanda Joe Heaney, mutumin Carna da ya rasu a Amurka a 1984, ya yi suna da shi. Idan da wannan ma'auni za a auna, to jitar The Dubliners ma baƙuwa ce, amshin jama'a a dandali ma baƙo ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, yanayin da na ji a ɗakin nan, na waƙa mai tafiya a hankali wadda ba ta neman faranta wa kowa, ya fi kama da abin da Lankum ke yi fiye da abin da ake yi wa masu yawon buɗe ido a tsakiyar Dublin.

Sarkin_Molo

Bari in ƙara a kan maganar kayan kiɗa, tunda nan na fi ƙarfi. Kusan duk abin da muke ji a yau muna cewa sautin Ayalan ne, akwai shekarar da ya shigo, kuma akwai waɗanda suka yi tir da shi a lokacin. Buzuki molon Girkawa ne, Johnny Moynihan ya shigo da shi a tsakiyar shekarun 1960, sannan Andy Irvine da Dónal Lunny suka zaunar da shi a ƙungiyar Planxty da aka kafa a 1972, har aka sauya masa siffa aka yi masa baya shimfiɗaɗɗe. Bandirinsu da suke kira bodhrán bai zama kayan dandali ba sai da Seán Ó Riada ya sa shi a ƙungiyarsa wajen 1960, kuma shi Ó Riada ɗin ne ya zaunar da makaɗan ƙauye a zauren kiɗa cikin kwat da wando, ya tsara wa kowane kayan kiɗa inda zai shigo. Daga cikin mutanensa Paddy Moloney ya fito ya kafa The Chieftains. A yau babu mai cewa waɗannan ba 'yan gargajiya ba ne.

Mai_Tara_Faifai

Na ji bayananku, kuma ban musa tarihin ba. Amma Sarkin Molo, ƙara molo ɗaya a bayan mai waƙa daban, binne baitoci a ƙarƙashin ƙara daban. A Planxty kana jin kowace kalma da mawaƙinsu Christy Moore ya furta, labarin ne a gaba, kiɗa na biye. Ku ɗauki Whiskey in the Jar, wadda labarin ɗan fashin hanya ne da mace ta ci amanarsa. Thin Lizzy suka mayar da ita kiɗan rok a 1972, Metallica suka sake ɗauka a 1998 har suka ci lambar Grammy da ita. Ina tabbatar muku da yawa daga cikin masu tsalle da ita a filin wasa ba su san akwai wani labari a ciki ba. Waƙar da aka riƙe karinta aka yar da labarinta, mene ne ya saura a cikinta?

Abba_Rok

Yaya, ni ina cikin masu tsallen da kake magana, kuma ta wannan ƙofar na shigo. Sigar Metallica ce ta kai ni ga ta Thin Lizzy, ita kuma ta kai ni ga muryar Luke Kelly na The Dubliners, daga nan na fara neman tsoffin naɗe-naɗe. Ba don ƙarar da kake ƙi ba, da babu abin da zai haɗa ɗan Zariya da labarin ɗan fashi a duwatsun Cork da Kerry. Kuma Phil Lynott, mawaƙin Thin Lizzy, ba baƙo ba ne da ya zo ya kwashi kayan wasu, a Dublin ya tashi, waƙar tasa ce kamar yadda take ta kowa a garin.

Hajiya_Rabi_Lauya

Kun daɗe a kan sauti, ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne wa ya ci moriyar, kuma sunan wa aka ambata. Akwai wani mutum mai suna John Reilly, ɗan al'ummar Matafiya, wato mutanen da suka gaji zaman karusa da yawo daga gari zuwa gari a Ayalan, waɗanda suka daɗe suna fama da wariya, kuma sai a 2017 gwamnati ta amince da su a hukumance a matsayin ƙabila mai zaman kanta. Reilly yana zaune a garin Boyle na gundumar Roscommon, yana sana'ar gyaran kwanuka, kuma a kansa akwai dogayen waƙoƙin labari da ya gada daga iyayensa. Ɗaya daga cikinsu, The Well Below the Valley, masana sun ɗauka ta kusa ɓacewa daga bakin mutane gaba ɗaya. Wani matashi mai tattara waƙoƙi, Tom Munnelly, ya naɗi muryarsa a shekarun 1960. A 1969 Reilly ya rasu da ciwon haƙarƙari cikin matsanancin talauci, shekarunsa arba'in da 'yan kai.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 1973, Planxty suka fitar da kundi mai ɗauke da sunan wannan waƙa. The Raggle Taggle Gypsy da ta buɗe kundinsu na farko ma daga bakinsa Christy Moore ya same ta. A 2002 Sinéad O'Connor ta rera Lord Baker tare da Moore, ita ma daga taskar Reilly. Ita kanta ƙungiyar da ake wannan muhawara a kanta, daga wata tsohuwar waƙar Matafiya ta samo sunanta, da kuma sunan kundinta na 2023, False Lankum, wanda ya shiga jerin 'yan takarar lambar Mercury a Birtaniya. Mutum ɗaya ya ciyar da tsara biyu ko uku na mawaƙa, shi kuwa bai ga ko sisi daga wannan kasuwa ba. A tsarin haƙƙin mallaka, waƙar da aka rubuta wa "ta gargajiya" ba ta da mai ita, amma wanda ya tsara mata kiɗa yana iya yin rajistar tsarinsa ya karɓi kuɗi duk lokacin da aka sa ta. Ma'ana, dokar tana biyan mai sabuntawa, ba ta san mai riƙewa ba. A nan ne nake ganin matsalar take, ba a tsawon minti ko nauyin amo ba.

Malam_Buba_Tarihi

Hajiya, maganarki gaskiya ce, sai dai a yi wa mawaƙan adalci. Christy Moore bai taɓa ɓoye sunan Reilly ba, ya sha ambatarsa a dandali da cikin hirarraki, Lankum ma an san su da faɗin daga bakin wa suka ɗauki kowace waƙa. Da ba su rera ba, da sunan Reilly yana kwance a cikin akwatin kaset a ɗakin adana kayan tarihi.

Hajiya_Rabi_Lauya

Na yarda sun ambace shi, Malam, kuma hakan ya fi shiru. Amma ambato ba ya biyan kuɗin asibiti, kuma Matafiyan da ke raye har yanzu ana hana su shiga wasu wuraren da ake rera waƙoƙin kakanninsu.

Ummi_Adabi

Ina so in koma kan kalmar da mai tambaya ya gina hujjarsa a kai, cewa akwai wata siga da jama'a suka riƙe kafin na'ura ta shigo. Margaret Barry, mawaƙiyar titi daga Cork mai kaɗa banjo, ita ce ta sa She Moved Through the Fair ta yi tashe a tsakanin masu son waƙar gargajiya a Landan a shekarun 1950, kuma mutane sun ɗauka gadon gidansu ce. Da aka tambaye ta inda ta koye ta, sai ta ce daga faifan garmaho na John McCormack, wanda mawaƙin manyan zauruka ne. Baitocin kuwa marubuci Padraic Colum ne ya tsara mafi yawansu, aka buga su tare da karin da Herbert Hughes ya tattaro a 1909. Daga ƙauye zuwa littafi, daga littafi zuwa faifai, daga faifai ta sake komawa titi, sannan a 1989 ƙungiyar Simple Minds ta Sikotilan ta ɗauki karin ta ɗora masa sababbin baitoci a kan rikicin Belfast.

Danny Boy da ake kuka da ita a jana'izar 'yan Ayalan mazauna Amurka, wani lauya Baturen Ingila, Frederic Weatherly, shi ya rubuta baitocinta, ya ɗora su a kan tsohon karin a 1913. The Fields of Athenry da magoya bayan ƙwallo ke rerawa, wadda ke magana a kan babbar yunwar shekarun 1840, Pete St John ya rubuta ta a shekarun 1970, amma da yawa za su rantse tun zamanin yunwar take. Duk inda mutum ya tona domin ya tarar da sigar da hannu bai taɓa ba, sai ya tarar da hannun wani.

Ɗalibi_a_Galway

Akwai abin da ba a taɓo ba, wato harshe. Kusan duk waƙoƙin da aka ambata a sama da Turanci suke. Ƙidayar 2022 ta nuna masu magana da harshen Ayalan kullum a wajen makaranta kimanin 72,000 ne kawai, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 5. Ga waƙoƙin wannan harshe tambayar ta fi tsanani, domin idan matasa ba su ɗauke su ba, babu wani amshin filin ƙwallo da zai riƙe su. Iarla Ó Lionáird ya tashi cikin sean-nós a Cúil Aodha, amma a tsakiyar shekarun 1990 ya shiga ƙungiyar Afro Celt Sound System, wadda Simon Emmerson ya kafa bayan ya yi aiki da Baaba Maal a Senegal, inda aka haɗa muryarsa da kora da kalangu irin na Afirka ta Yamma da bugun kwamfuta. Daga baya ya kafa The Gloaming tare da Martin Hayes mai goge, da fiyano a ƙarƙashin tsoffin baitoci. Abokin karatuna ya ce kakansa ba ya jure jin ko ɗaya daga cikinsu, amma shi ta nan ya fara sha'awar haddace baitocin da kakan ke rerawa. A ɗaya gefen kuma gasar sean-nós ta Corn Uí Riada tana nan kowace shekara, murya kaɗai ake shiga da ita, alƙalai na kasa kunne ga kowane lanƙwasa.

Baban_Sadiq

Wannan ce-ce-ku-ce ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk lokacin da wani yaro ya ɗauki waƙar Shata ya ɗora mata fiyano, haka dattawa ke cewa an ɓata, matasa na cewa an raya. Abin da nake ganin ya ba mutanen Ayalan kwanciyar hankali shi ne adana. Tun 1935 suka kafa hukumar tattara al'adun baka, aka tura mutane irin su Séamus Ennis ƙauyuka suna rubuta waƙa daga bakin tsofaffi, kuma a 1987 aka buɗe taskar kiɗan gargajiya a Dublin wadda kowa zai iya shiga ya saurara. Wanda tsohuwar sigar ke ajiye a wurinsa ba ya tsoron sabuwa sosai.

Sarkin_Molo

Baban Sadiq, adana tana da nata illar. Da zarar an naɗi murya, sai wannan naɗin ya zama shi ne "daidai", alhali mawaƙin da kansa ba ya rera ta iri ɗaya sau biyu. Tun lokacin da Edward Bunting ya rubuta karin makaɗan garaya a taron Belfast na 1792 ake zarginsa da gyara su domin su dace da fiyano. Game da fushin dattawa kuwa, kada a manta da The Pogues, waɗanda Shane MacGowan ya jagoranta daga Landan tun 1982 suna buga waɗannan waƙoƙi da gudu da hayaniya. A 1985 makaɗi Noel Hill ya caccake su a gidan rediyon ƙasar da kalmomi masu zafi. Shekara biyu bayan haka suka yi The Irish Rover tare da The Dubliners, kuma da MacGowan ya rasu a ƙarshen 2023 shugaban ƙasa da kansa ya halarci jana'izarsa.

Zainabu_Gwale

Ina da tambaya ga Ummi Adabi da Malam Buba. Idan ba a taɓa baiti ko kari ba, amma aka sauya wurin da ake rerawa, wannan ma sabuntawa ce? The Foggy Dew wani limamin coci, Charles O'Neill, ya rubuta ta domin tunawa da waɗanda suka mutu a boren Ista na 1916 da aka yi wa mulkin Birtaniya. Sinéad O'Connor ta rera ta da The Chieftains a 1995 cikin alhini. A 2015 ita ɗin dai ta rera ta a Las Vegas yayin da ɗan dambe Conor McGregor ke shiga fili, dubban mutane na ihu. Murya ɗaya, baitoci ɗaya, amma ni ban ji waƙa ɗaya ba.

Ummi_Adabi

A ganina wannan ta fi kowace sabuntawa da aka ambata zurfi, 'yar'uwa, kuma babu injiniyan sauti a cikinta. Waƙar makoki ta koma kirarin shiga fage. Irin haka ne ya faru ta ɗaya fuskar a watan Maris na 2020, lokacin da Hozier ya rera The Parting Glass a talbijin domin waɗanda annobar korona ta kashe, alhali waƙar ta rabuwar abokai ce bayan hira, kuma tushenta ma a Sikotilan yake.

Mai_Tara_Faifai

Na karanta duka, kuma maganar Hajiya Rabi ta fi tsaya mini a rai fiye da tambayar da na fara da ita. Duk da haka ban sauka daga matsayina ba a abu ɗaya. Ummi ta nuna cewa waƙa tana shiga faifai ta sake fitowa titi, to wannan fitowar ita ce gwajin. Margaret Barry ta ji faifan McCormack ta iya ɗaukar waƙar da bakinta ta tafi da ita kasuwa. Ina jira in ga wanda zai ji sigar minti 10 ta Lankum ya iya ɗaukarta haka.

Ɗalibi_a_Galway

Ana ɗauka, Yaya. 'Yan ƙungiyar da kansu daga zaman waƙa na baka suka fito, irin wanda ake yi a mashayar The Cobblestone da ke unguwar Smithfield a Dublin, wurin da jama'a suka yi zanga-zanga a 2021 da aka so mayar da wani sashensa otal, har hukumar birnin ta ƙi amincewa da shirin. A irin waɗannan zama matasa na rera sigar a hankali da murya kaɗai, su bar amon na'urar a kan faifai.

Hajiya_Rabi_Lauya

Tunda an koma maganar wanda ke rerawa da baki, ga wanda ya kamata ku nema: Thomas McCarthy, ɗan Matafiya daga garin Birr na gundumar Offaly, wanda ya gaji waƙoƙinsa daga mahaifiyarsa da kakansa, kuma tashar TG4 ta ba shi lambar mawaƙin shekara a 2019. Yana raye, yana rerawa ba tare da kayan kiɗa ba, kuma idan kun sayi kundinsa ko tikitin zamansa, kuɗin hannunsa za su shiga.